Takardun yaro mai buƙata ta musamman: inda iyaye suka fi tuntuɓe

A shekarun da na yi ina koyarwa a firamare a cikin birnin Kano, na sha ganin uwa ta shigo ofishin hedimasta da leda cike da takardu. Sai a ce mata, "Hajiya, ina takardar likitan?" ta zazzage ledar a kan tebur, katin rigakafi da rasitin kemis su fito, wadda ake nema kuwa ta ƙi ganuwa. Gaskiya tana hannunta, amma haka za ta koma gida da "a dawo wani satin".

Babban kuskure shi ne dogaro da maganar baka. Hedimasta ya yi alkawari za a zaunar da yaron a sahun gaba saboda ba ya ji sosai, kin yi godiya kin tafi. Zangon gaba aka yi masa canjin wurin aiki, sabon ya ce bai san zancen ba. Duk abin da kike nema, a rubuta shi a wasiƙa, kwafi biyu. Ki ba da ɗaya, a buga miki sitam da kwanan wata a kan ɗayar. Idan nauyin haka kike ji, to bayan zama ki tura saƙo ta WhatsApp: "Malam, na gode da zaman yau, mun tsaya a kan kaza da kaza." Ki kuma ware littafi guda na rubuta wa kika gani, yaushe, me ya ce.

Kada ki bar asalin takarda a hannun kowa. Fotokwafi ake bari, asalin a nuna a dawo da shi gida, inda ruwan damina da gara ba sa kaiwa. A ɗauki hoton kowace a waya. Rasitin nan mai santsi na inji kuwa, rubutunsa gogewa yake, laminatin kuma baƙi ƙirin yake mai da shi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne saɓanin suna. A takardar haihuwa Muhammad Sani, a asibiti Mamman Sani, a rajistar makaranta Sani Mohammed, ranar haihuwar ma kowa da tasa, don ranar da aka kai shi asibiti kawunsa ne ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Ba wanda zai kula yana aji biyu. Ranar da za a gane ita ce ranar rajistar babbar jarrabawa, tunda daga 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. A lokacin sai a shiga zaryar kotu neman takardar rantsuwa, rajista na gab da rufewa. Ki ɗauki takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a matsayin ma'auni, ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya, wadda ta saɓa a gyara tun yanzu.

Da yawa kuma suna ɗauka katin asibiti ya isa shaida. Kati lamba ce ta nemo fayil kawai. Abin da makaranta ke buƙata rahoton likita ne mai sa hannu da hatimi. Ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake ganinsa, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ki roƙi likita ya ƙara da abin da yaron ke buƙata a aji: zama kusa da allo, ƙarin lokaci a jarrabawa, aji a ƙasa ba a bene ba. Sunan cuta kaɗai ba ya gaya wa malami abin yi. Rahoton da ya shekara biyar ma a sabunta shi.

Akwai masu ɓoye larurar don gudun surutu, musamman farfaɗiya. Na fahimce su. Amma malamin da bai sani ba shi ne zai cusa wa yaro cokali a baki in ta tashi, abin da likitoci suka hana. Shafi ɗaya ya isa wa malamin aji: larurar, maganin da yake sha, abin yi da abin bari, lambar waya. Sauran fayil ɗin sirrin gida ne.

A bayan fayil ki ajiye kwafin dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta kuma tanadi ilimi kyauta har sakandare. Ban ce ki fara da ita ba. Wanda aka shigo masa da doka a zaman farko murtuke fuska yake. Ranarta na zuwa idan magana ta wuce hedimasta zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB, hukumar jiha mai kula da ilimin matakin farko. Ko neman gurbi kike a makarantar musamman ta Tudun Maliki, ki jera takardun bisa kwanan wata, sabuwa a sama, don ita za a fara tambaya.