Yadda za a tsara kakar ƙwallon ƙafa da ta guje-guje a sakandaren 'yan mata

A yawancin makarantun 'yan mata, ɗalibai goma sha biyar ko ashirin ne ke ɗauke da duk wasannin makaranta. Wadda ke buga gaba a ƙwallo ita ce dai za a nema ranar gudun mita 100, ita ce kuma za ta karɓi sanda ta ƙarshe a gudun miƙa sanda. Wannan ba laifi ba ne. Chioma Ajunwa tana cikin tawagar Najeriya a gasar cin kofin duniya ta mata a 1991, sannan ta ci zinare a tsalle mai nisa a Atlanta a 1996 da mita 7.12. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗora wa ƙafa ɗaya kaka biyu a lokaci guda, babu hutu a tsakani.

A fara da raba shekara. Zangon farko, daga ƙarshen damina zuwa Disamba, na ƙwallo ne: ƙasa ba ta gama bushewa ba, faɗuwa ba ta ciwo sosai. Zango na biyu a ba guje-guje da tsalle-tsalle, a yi gasar gidaje kafin zafin Maris ya kankama. Zango na uku na bazara ne da jarrabawar WAEC da NECO, sai a saki 'yan aji shida, ƙanana su riƙa ɗan motsa jiki da sassafe. Tsakanin kaka da kaka a bar mako biyu babu gasa. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin zango na biyu, don haka a duba kalanda tun Satumba, a sa ranar gasa kafinsa. Cikin azumi minti talatin na atisaye mara nauyi bayan la'asar ya isa.

Kafin a hura usur na farko, a samu izinin iyaye a rubuce, kuma kullum a ga malama mace a bakin fili. Maganar sutura ita ce ke hana iyaye da yawa amincewa, alhali doka ta buɗe ƙofa: tun 2014 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta yarda da rufe kai. Sharaɗin shi ne ɗankwalin ko hijabin ya zama baƙi ko launin riga, kada a haɗe shi da rigar, kada kuma ya zama da abin da zai ji wa wani ciwo. Ke nan babu allura, babu fil. Dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajere ya halatta. A nuna wa iyaye kayan da idonsu, ya fi dogon bayani.

Atisaye sau uku a mako, awa ɗaya da kwata, ya wadatar. Minti ashirin na farko kada a taɓa su, domin nan ne ake kare gwiwa. 'Yan mata sun fi samari yawan tsinkewar jijiyar da ke cikin gwiwa, kuma sau da yawa ba tare da wani ya taɓa su ba: yarinya ta dira daga tsalle da ƙafa a miƙe, ko ta juya da gudu gwiwar ta karkata ciki. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ an yi shi ne saboda wannan. Minti takwas na sassarfa da gudun gefe da na baya, minti goma na ƙarfafa cinya da ciki da tsayuwa a ƙafa ɗaya da tsalle, sai minti biyu na gudu da juyawa. Aƙalla sau biyu a mako. Malama ta tsaya a gaban yarinya, ta sa ta diro daga kan benci, ta kalli gwiwoyin: idan suka nufi juna kamar za su gaisa, a tsayar da ita a gyara. Gwiwa ta tsaya saitin yatsun ƙafa, a lanƙwashe, a dira a hankali ba ƙara.

Ƙwallo mai lamba 5 ake amfani da ita. A wasan makaranta minti 30 ko 35 kowane rabi ya fi dacewa da cikakken 45, musamman idan babu isassun 'yan canji. A bi filin a tsince tsakuwa da ƙarangiya da fasassun kwalabe, a cike ramuka.

Idan kakar gudu ta zo, aikin farko zana fili ne, kuma nan ake yawan tafka kuskure. Fili na mita 400 yana da miƙaƙƙun ɓangarori biyu, kowanne mita 84.39. A kafa turaku biyu da wannan tazarar, a ɗaura igiya mai tsawon mita 36.60 a kowanne, a zana rabin da'ira da toka ko farar ƙasa. Faɗin kowane layi mita 1.22. Tunda na waje ya fi na ciki tsawo, a gudun mita 400 kowace mai gudu za ta tsaya gaban ta cikinta da mita 7.67, a mita 200 kuma 3.83. Idan aka jera su a layi ɗaya, an zalunci ta waje tun kafin a tashi. A yi amfani da igiyar da ba ta miƙewa ko wayar ƙarfe, don igiyar roba tana miƙewa.

Makon farko da na biyu kada a yi gudun ƙure ƙarfi. Ƙasar hunturu ta bushe kamar siminti, ga kambas mai siririn tafi, sai ciwon ƙwauri ya biyo baya. Wadda ciwonta ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, har tana jin sa a tafiya, a dakatar da ita a kai ta asibiti. Nauyin kayan jifa ma a kula: 'yan ƙasa da shekara 18 dalmarsu kilo 3 ce, mashi giram 500. Ba su na maza yana lalata kafaɗa da salon jifa gaba ɗaya.

Gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu a hannu ake cinsa. Wurin miƙawa mita 30 ne, kuma inda sandar take ake dubawa, ba inda ƙafar yarinya take ba. Ta farko ta riƙe da dama, ta biyu ta karɓa da hagu, ta uku dama, ta huɗu hagu, babu sauya hannu. Mai karɓa ta auna tafin ƙafa kamar goma sha takwas a bayanta ta sa alama. Da 'yar'uwarta ta taka alamar, ta tashi da ƙarfi ba waiwaye, sai ta ji an ce "hannu!" ta miƙa baya. Idan ana cim mata da wuri, a ƙara nisan alamar. Idan tana tsere wa sandar, a rage.

Akwai abin da 'yan mata ba sa faɗa wa malami namiji. Yarinyar da ke haki da wuri, tana jiri, cikin fatar idonta ya yi fari, sau da yawa ƙarancin jini ne, ba lalaci ba, musamman mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada. A gwada jininta, a ƙara mata wake da zogale da alayyahu da hanta, ta daina haɗa shayi da abinci. Wadda al'adarta ta ɗauke wata uku tana tsakiyar atisaye, jikinta na cewa abincin bai kai aikin ba, likita ya gan ta. Ruwa kuwa a sha kowane minti 15 zuwa 20, ko da sanyin hunturu ya hana jin ƙishi. Fitsari mai launin shayi alama ce ta ƙarancinsa.

In targaɗe ya faru, a fitar da ita daga fili, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Kada a gasa da ruwan zafi ko a murza a ranar. Idan kuwa ta ji ƙarar "ɗas" a gwiwa, ta kumbura cikin 'yan awoyi, kuma ƙafar na sulluɓe mata in ta taka, wannan ba na mai ɗori ba ne. A kai ta wurin likitan ƙashi, a kuma cire sunanta daga gasar wannan zangon ko da ita ce gwanar gidansu.