Yadda za ka haɗa wa mutum-mutumi fata da tarkacen shagon gyaran rediyo

Yaranmu na Katsina masu haɗa hannun mutum-mutumi a furojet ɗin makaranta kusan duk ciwonsu ɗaya ne, hannun na kamawa amma bai san da wane ƙarfi ya kama ba, ka ba shi ƙwai ya fasa, ka ba shi tumatir ya mai da shi miya. To fata ce ba ya da ita.

Ka fara zuwa wajen masu gyaran rediyo da talabijin ka roƙi baƙin soson nan da ake soka ƙafafun IC (ƙananan baƙaƙen kayan lantarkin nan masu ƙafafu da yawa) a ciki, yawanci zubar da shi suke yi. Baƙin fa, don shi ne mai kabon a jiki, mai ruwan hoda ba ya wuce wuta. Sai takardar alminiyam irin ta gasa kifi, waya biyu, rezista 10k, Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa hannun), da tsohon tif ɗin keke.

Ka yanki soson kamar faɗin babban yatsa, ka sa alminiyam sama da ƙasa, amma ka yanke su su ɗan fi soson ƙanƙanta don in suka haɗu ta gefe shikenan aiki ya ɓaci. Dalma ba ta kama alminiyam, kada ka ɓata lokacinka, ka liƙa waya ɗaya a kan kowane alminiyam da salatif kawai. Kafin komai ɗora mitar awon lantarki a kan wayoyin ka danna soson, in ka ga lambar ohm na sauka to fata ta samu.

A jikin Arduino, waya ɗaya ta tafi ƙofar 5V, ɗayar ƙofar A0, daga A0 ɗin rezista ta sauka ƙofar GND. In ka rubuta kod ɗin karanta A0, allon kwamfutar da ka jona Arduino da ita zai riƙa nuna maka lamba tsakanin 0 da 1023, kana dannawa tana hawa. Ka matsa ƙwai a hankali ka rubuta lambar da ya riƙu bai zame ba, ita za ka ce wa moton da ke matsa yatsun ya tsaya a kanta. Sannan ka lulluɓe da robar tif, ko don ƙurar hunturun garin nan.

Soson yana da nawa wajen komawa daidai bayan ka saki, sai ka riƙa sake awo, ni dai kullum kafin gwaji nake yi.

Inda wahalar take shi ne in ka ce za ka rufe hannun gaba ɗaya, wayoyi sai su fi ƙarfinka, Uno ƙofa 6 kawai gare shi ta irin wannan karatu. Su ma manyan masana, yawan saƙonnin da ke fitowa daga fatar ne ya dame su. A 2019 Farfesa Gordon Cheng da mutanensa na jami'ar fasaha ta Munich a Jamus sun sa wa mutum-mutuminsu H-1 ƙwayoyin fata 1,260, dabararsu kuwa kowace ƙwaya ba ta aika saƙo sai in abin da take ji ya canza, kamar yadda kake mantawa da hular da ke kanka jim kaɗan bayan ka sa. Kai ma ka rubuta haka a kod ɗinka, in lamba ba ta motsa da kamar 10 ba, ya yi shiru. Ka fara da yatsa biyu tukuna.