Waƙar Farko: Abin da Sabon Mawaƙi a Sakkwato Zai Yi Kafin Ya Sake Ta

Yawancin kuɗin da sabon mawaƙi ke asara a waƙarsa ta farko a cikin sutudiyo suke ƙonewa, domin ya shiga da waƙar da bai gama ba. Yana tsaye gaban makirufo yana neman baiti, janareta na shan mai, mai kiɗa na duba agogo. Don haka ka gama komai tun daga gida.

Fara da amshi. Layi biyu zuwa huɗu sun isa, kuma ya shigo cikin daƙiƙa 30 na farko, saboda mai sauraro a waya ba ya jira. Baiti biyu ko uku, waƙar duka kada ta wuce minti uku da rabi. Ka naɗe ta a wayarka ba kiɗa, ka ajiye kwana biyu, sannan ka saurara. Inda numfashi ya yanke maka, kalmomi sun yi yawa a layin, a rage. Inda karin waƙar ya sa ka ja gajeren wasali har garin da ake zama ya koma garin tuwo, canza kalmar, kada ka ce kiɗa zai rufe. Ba ya rufewa. Sai ka rera wa ƙanenka amshin sau biyu. In bai iya maimaitawa ba, da sauran aiki.

Kada kuma ka goge Sakkwatancinka don ka yi kama da mawaƙan Kano. "Munka" da "sunka" ba aibi ba ne. Da wannan harshen Narambaɗa ya yi waƙa da kotso, Ɗan Anace da kalangu, aka ji su ko'ina a ƙasar Hausa. Yau masu rera waƙar soyayya kan fiyano sun yi yawa, muryoyinsu sun saje, harshenka na cikin abin da zai sa a gane ka. In da hali, ka ɗauko makaɗin kalangu na gaske ya buga a kan kiɗan na awa ɗaya, ka biya shi haƙƙinsa.

Ga inda aka fi yin kuka daga baya: maganar mallaka. Waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin rubutu da kari, akwai haƙƙin sautin da aka naɗa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, na farkon yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na biyun shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da sautin ga jama'a. Dokar ta kuma tanadi cewa sallama haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan in ka biya mai kiɗa hannu da hannu kuka rabu da "ba komai, ai mun zama ɗaya", ba ka riƙe da wata hujja cewa kiɗan ya zama naka. Ranar da waƙar ta tashi, ranar za a tuna da hakan.

Takarda ɗaya ta wadatar, a rubuta ta kafin a danna naɗi. A sa sunan waƙa da kwanan wata, wanda ya rubuta, wanda ya yi kiɗa, da nawa aka biya. A fayyace ko kuɗin na sayen kiɗan ne gaba ɗaya ko na aro ne, wanda mai kiɗa zai iya ba wani mawaƙin. In zai ci kaso daga abin da waƙar za ta kawo, a rubuta kashi nawa cikin ɗari. 'Yan amshi ma a rubuta cewa an sallame su. Kowa ya sa hannu, da shaida ɗaya, kowa ya ɗauki hoton takardar. Mai kiɗan kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi. Haƙƙinka yana tabbata ne tun daga lokacin da ka rubuta ko ka naɗa, amma yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa yana ƙara maka hujja idan rigima ta taso.

Kiɗan da ake saukewa daga YouTube da sunan kyauta kuwa, yawanci kyautar ta tsaya ne ga wanda ba zai nemi kuɗi da shi ba. Ka ɗora waƙa a kai ka sake ta, na'urar YouTube ta gane kiɗan, kuɗin talla ya wuce wurin mai shi.

Ranar naɗi, zafin garin nan shi ne abokin gaba. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma dole a kashe fanka da iyakwandishan yayin naɗi, domin makirufo na ɗaukar hucinsu. Ka nemi lokacin safe. Ku riƙa naɗa na minti goma, a buɗe ƙofa a sha iska. Kafin ka fara, a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa goma a saurara: in akwai gurnanin janareta a ƙasa, a matsar da shi ko a jira wuta, domin cire shi daga baya yana siranta murya. A lokacin hunturu ƙura ke busar da maƙogwaro. Ka rufe hanci da baki a kan babur, ka sha ruwa mai ɗumi, ka bar na ƙanƙara sai an tashi.

Tsakaninka da makirufo a bar kamar taƙi ɗaya, da rariyar nan ta gabansa da ke tare iskar "b" da "f". In ka zo ɗaga murya ka ɗan ja baya. Ka sa ido kan ma'aunin sauti a kwamfuta: ya taɓa ja, muryar ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta gyaruwa, sai dai a sake. In kana ƙoƙewa a saman amshi, ka ce a sauke "key" ɗin kiɗan, wato tsayin karinsa, ƙasa kaɗan ya dace da muryarka. Manhajar gyaran murya tana daidaita ɗan kuskure ne. In aka cika ta, ranar da ka tsaya rerawa a biki za a ji bambanci. Amshi a naɗe shi sau uku a jera su don ya cika. Mawaƙiya mace ta tafi da ɗan'uwa ko ƙawa, ta kuma zaɓi zaman rana.

Bayan an haɗa sauti, kada ka amince a lasifikar sutudiyo kaɗai. Ka ji ta a ƙaramar waya, a mota, da lasifikar mai shayi, don a nan jama'a za su ji ta. In kalmomi sun nutse cikin ganga, a ɗaga murya. Abin da za ka fita da shi a filashi: cikakkiyar waƙa a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kiɗa zalla don wasa a taro, da sautin murya da na kowane kayan kiɗa daban-daban. Kwamfutar sutudiyo na iya mutuwa gobe. In za a turo ta WhatsApp, a turo ta zaɓin "Document", wato a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse sautin.

Sakin waƙa ba shi da wuya. Audiomack kana ɗorawa da kanka kyauta. Spotify da Apple Music sai ta hannun dillali irin su DistroKid ko TuneCore, kuma asusun ya kasance da sunanka da imel ɗinka, ba na manaja ko mai sutudiyo ba. Hoton bango ya zama murabba'i, fiksel (ɗigon hoto) 3000 a tsaye, 3000 a kwance. Ka miƙa makonni uku kafin ranar fita. Ka kauce wa azumi, ka kauce wa makon Sallah da manya ke cika kasuwa. Ka kai wa masu shirye-shiryen nishaɗi a Rima Radio da Vision FM da kanka, da masu tura waƙa a memori a kasuwa, ka yanka daƙiƙa 20 na amshi don TikTok.

Kada ka sa ran kuɗin intanet da wuri. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, YouTube kuma yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ya raba kuɗin talla na dogon bidiyo. Masu sayar da sauraron bogi za su same ka. In aka gano, cire waƙar ake yi daga dandalin. Kuɗin farko daga biki da waƙar amarya da tallar 'yan kasuwa yake zuwa. A nan ka karɓi rabi kafin ka fara rubutu, sauran kafin ka miƙa waƙar, kuma samfurin da za ka tura don a ji ya zama rabin waƙa ne kawai.