Yadda nake farautar tsofaffin gem da katunan tarawa a Kaduna

Asabar ɗin da ta wuce na dawo gida da faifan gem ɗin ƙwallon ƙafa na Winning Eleven na PlayStation ta farko, na asali, da kwalinsa da ɗan littafinsa. Uwargida ta juya shi a hannu ta ce, "Baban Ummi, wannan tarkacen ne ya hana ka karyawa?" Wata bakwai ina nemansa, kuma ba a shagon gem na same shi ba. A ƙasan teburin wani mai gyara yake, cikin kwalin taliya.

Abu na farko ke nan da zan gaya wa mai son shiga wannan harka: shagunan da ke da gilashi da fitilu a Ahmadu Bello Way na masu neman PS4 da PS5 ne. Tsohon kaya yana wajen masu gyara, da waɗanda suka taɓa riƙe gidan gem a unguwa suka rufe, da masu buɗe dilar kayan Beljiyam. Ni nakan fara da Kasuwar Gumi, layin masu kayan lantarki, in zarce Kasuwar Barci a Tudun Wada wajen 'yan gwanjo, domin a dilar kayan wasan yara ake tsintar kaset ɗin Game Boy, wato ƙaramin injin gem na riƙewa a hannu, da katuna. Panteka kuwa sai mai haƙuri. Sau goma za ka je ka dawo da tsatsa a hannu kawai, amma can 'yan gwangwan ke kai abin da aka share daga sito.

Kada ka tambaya da baki kawai. In ka ce "akwai Mega Drive?" yaron shago, wanda ba a haife shi ba lokacin da kamfanin Sega ya fitar da wannan injin gem a 1988, zai ce babu. Nuna masa hoto a waya. Sannan ka nemi maigidansa, ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Alhaji, ko akwai tsofaffin da suka kwanta a sito?" Ka bar lambarka, ka riƙa leƙowa ko ba ka sayi komai ba. Rabin abin da ke kan kantata kira aka yi mini.

Sai batun gane na asali, inda aka fi cin kuɗin mutane. Mu nan da kwafi muka tashi, faifan gaske ƙalilan ne suka shigo. Juya faifan ka duba cikinsa. Na PlayStation ta farko baƙi ne wuluk. Na PS2 ko dai ruwan azurfa ne ko shuɗi mai duhu, kuma in ka karkata shi a haske za ka ga tambarin PlayStation a jiki. Ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa: in haske na ɓullowa ta ƙananan huji, ajiye shi. Ƙarzuwa mara zurfi ba ta hana shi aiki, huji kuwa ya gama. Duba kuma rubutun kwalin. PAL na Turai ne, NTSC na Amurka ko Japan, kuma injin wani yanki ba ya karɓar faifan wani sai in an sa masa cif, wato ɗan abin da masu gyara ke dasawa a ciki don cire wannan shinge. Wannan Winning Eleven nawa na Japan ne, a Turai wani suna daban Konami ta sa wa wasan. Game Boy ba ruwanta da wannan shinge, kowane kaset tana ci.

Kaset ɗin Game Boy na gaske yana da 'yan lambobi da aka danna a jikin takardar gabansa, sai ka karkata za ka gan su. Wasanni irin su Pokémon Gold da batir ɗan mitsitsi a ciki suke ajiye inda ka tsaya, kuma bayan shekara 20 da ɗoriya yawanci ya mutu. Ba aibi ba ne, mai gyaran waya zai sauya maka, amma hujja ce ta neman ragi.

Kada ka biya sai an kunna a gabanka. In an ce babu wuta, ka biya kuɗin man janareta, ya fi maka sauƙi. Kuma don Allah ka karanta bayan adafta kafin ka jona. Na taɓa sayen Genesis, wato sunan Mega Drive a Amurka, na zo gida cikin zumuɗi na cusa a soket. Adaftar ta wutar 120 ce, tamu ta haura 220. Ƙara ɗaya na ji, sai warin ƙonewa ya cika ɗaki. Mai shagon ya ce ai ban tambaye shi ba, kuma gaskiyarsa.

Katuna sun fi wahala, domin jabu ya cika gari. Katunan Pokémon sun fara fitowa a Japan a 1996, na Turanci a 1999, kuma kusan duk wanda ake rataye wa yara a bakin makaranta kwaikwayo ne. Na gaske yana da siririn baƙin layi a tsakiyar kaurinsa in ka duba gefe da kyau. Haska tocilan waya ta bayansa: jabu haske na ratsa shi kamar takardar littafi. Shuɗin bayansa ma yakan yi fari-fari. Kafin ka yi tayi, duba kasuwar intanet ta eBay ka ga nawa aka sayar da irinsa, ba nawa mai shi ke nema ba. Kati mai lanƙwasa a kusurwa darajarsa ta zube ko da na asali ne.

Wajen ciniki, kada idonka ya tsaya a kan abu ɗaya. Haɗa shi da wasu uku ko huɗu ka yi tayin tarin. Ni dai ba na cewa abu banza ne alhali na san ba haka ba ne. In mai kaya ya tambaye ni darajarsa, nakan faɗa masa.

Idan ka kawo gida, ƙurar hunturu da laimar damina su ne abokan gaba. Katuna a leda, cikin gwangwanin biskit, nesa da taga. Cire batir daga duk injin da za ka ajiye, in ba haka ba ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen.

Abin da har yau ya gagare ni shi ne sitikar kamfanin Panini, irin wadda ake mannawa a albam, ta gasar cin kofin duniya ta 1994 mai hoton Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar, a ragar Bulgeriya. Wadda ba a ɓare bayanta ba nake so. Wani mai gyara a Kawo ya ce yayansa na da albam ɗin a akwati a Zariya, sai in ya je gida da sallah zai duba mini.