Yadda za ki nemi ƙwararren likita da maganin da ya dace bayan an ce kina da zaizayar ƙashi

Abin da na fi gani ga waɗanda aka shaida wa cewa ƙashinsu ya zaizaye shi ne su karɓi takardar sakamako, su sayi kwalbar kalshiyam, su koma gida su zauna. Shekara ta zagayo sai a ji wance ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Kalshiyam da bitamin D tamkar bulo da siminti ne da aka jibge a fili babu magini. Ana buƙatarsu, amma ga wadda cutar ta riga ta tabbata a jikinta ba su isa su hana karaya ba. Akwai magunguna na ainihi, kuma kaiwa gare su yana da hanya.

Da mace nake magana domin mata ne suka fi yawa, musamman bayan ɗaukewar jinin al'ada. Gidauniyar duniya mai kula da wannan cuta tana ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su yi karaya saboda ita. Don haka namiji ma ya karanta da kansa a rai.

Mataki na farko: karɓi sakamakon gwajin a hannunki

Kada ki yarda da "an ce". Ki nemi cikakken sakamakon gwajin DXA, wato hoton da ke auna ƙarfin ƙashi, a rubuce, mai ɗauke da hoton ƙashin baya da na ƙugu da lambobin da ke gefensu. Lambar da za ki duba ita ce makin T, wanda ke kwatanta ƙashinki da na matashi mai lafiya. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni: daga -1 zuwa sama lafiya lau, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, -2.5 zuwa ƙasa kuwa zaizaya ce. Ga wadda ba ta daina al'ada ba, da namijin da bai kai 50 ba, makin Z ake dubawa, wato kwatanci da sa'o'insu.

Idan hoton eksire kawai aka yi miki, ko gwaji da 'yar na'urar nan da ake sa diddige a ciki, ki nemi a yi DXA in akwai hali. Amma ki sani, wadda ta karye a ƙugu ko a ƙashin baya daga faɗuwar tsaye kawai, ana ɗaukarta mai cutar ko da makinta bai kai -2.5 ba.

Mataki na biyu: ƙofar da za ki ƙwanƙwasa

Da an ji "ƙashi" sai kowa ya nufi likitan ƙashi mai tiyata. Shi gwani ne wajen haɗa abin da ya karye, ya sa ƙarfe, ya sauya ƙugu. Amma neman dalilin da ya sa ƙashin ya yi rauni da bin magani na shekaru ba kullum ne aikinsa ba. Na sha ganin an ɗora karaya, an sallami mara lafiya, ba wanda ya ce da ita uffan kan hana ta biyu.

A wurina zaɓi na farko shi ne endokirinolojis, likitan sinadaran hormon, wanda kika sani yana duba masu ciwon suga da maƙoƙo. Na biyu rumatolojis, likitan amosanin gaɓɓai, kuma shi ne ma ya fi dacewa in dama kina fama da kumburin gaɓɓai ko kina kan sitiroyid, magungunan nan na rage kumburi. Wadda ta manyanta sosai, ga magunguna barkatai ga yawan faɗuwa, likitan tsofaffi ya fi mata. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire mata ƙwan mahaifa, ta haɗa da likitan mata. Wasu manyan asibitoci suna da sashe na musamman mai bibiyar duk wanda ya zo da karaya don hana ta maimaituwa. Idan kin karye, ki tambaya ko akwai irinsa tun kafin a sallame ki.

Likitan da kika saba gani shi zai rubuta miki takardar turawa. Ki roƙe shi ya rubuta makin T, karayar da kika taɓa yi da magungunan da kike sha, domin da abin da ke cikin takardar ake tantance wanda za a fara gani. Idan layin ƙwararre ya yi nisa, ba dole ba ne a jira shi kafin a fara magani. Ga mace mai shekaru 65 da ba ta da wata cuta mai rikitarwa, likitan iyali ya isa ya fara. Ga wadda ta karye kwanan nan ma jira haɗari ne, domin shekara ɗaya zuwa biyu bayan karayar farko su ne lokacin da ta biyu ta fi zuwa.

Amma akwai waɗanda ban yarda su tsaya a likitan iyali ba: namiji, mace mai ƙarancin shekaru, mai ciwon ƙoda, wadda ta karye alhali tana kan magani, da wadda ƙashin bayanta ya burma a wuri fiye da ɗaya.

Mataki na uku: shirin ganawar farko

Nan ne abin ya fi lalacewa, don haka zan daɗe a kai. Mutum ya yi watanni yana jiran rana, ya shiga ofishin likita hannu rabbana, a tambaye shi wane magani yake sha ya ce "wani ɗan fari ƙarami". Minti goma sun wuce, an rubuta gwajin jini, an ce ya dawo bayan wasu watannin. Ganawa guda ta tafi a banza, ga kuɗin mota da na kati.

Ki zuba duk magungunan da ke gidanki a jaka ki tafi da su, da kwalayensu, har da wanda kike saya da kanki don ciwon gwiwa da na ƙarin ƙiba da na gargajiya. Dalili shi ne sitiroyid irin su firednisolon da dekzametason suna cin ƙashi, kuma shan su na wata 3 ko fiye ya isa ya jawo matsala. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta juye jakarta a kan tebur, likita ya ɗauki wani ɗan sachet mara suna sosai ya juya bayansa, sai ga dekzametason a jerin abin da ke ciki. Shekaru tana shansa don ciwon jiki ba ta san mene ne ba. Kada kuma ki yanke sitiroyid rana ɗaya da kanki, a hankali likita ke rage shi. Haka nan magungunan kansar mama irin su letirozol da anastirozol, allurar rage hormon ga masu kansar mafitsara ta maza, wato ta furostet, wasu magungunan farfaɗiya, da maganin tayroyid, wato na maƙoƙo, in ya yi yawa, duk suna taɓa ƙashi.

Sannan ki rubuta a takarda guda: shekarar da al'ada ta ɗauke, kowace karaya da yadda ta faru, ko mahaifiya ko mahaifi ya taɓa karyewa a ƙugu, shan taba ko giya, sau nawa kika faɗi a bana, da tsawonki lokacin ƙuruciya in kin sani. Raguwar tsawo da santimita 4 ko fiye, ko doro da ya fito daga baya, alama ce ta ƙashin baya da ya burma shiru, kuma dalili ne na yin hoton baya. Yawancin waɗannan bayanai su ake zubawa a FRAX, ma'aunin da Jami'ar Shefil ta Ingila ta fitar a 2008, mai lissafa yiwuwar karaya cikin shekara 10 masu zuwa.

Ga dabarar da ke rage zirga-zirga: ki sa likitanki na kullum ya rubuta gwaje-gwajen jini tun kafin ranar, ki shiga da sakamako a hannu. Waɗanda ba a tsallakewa su ne kalshiyam, bitamin D, aikin ƙoda, aikin hanta, ƙidayar jini da tayroyid. Gwargwadon abin da aka gani, ƙwararre zai iya ƙara hormon ɗin faratayroyid, testosteron ga namiji, gwajin cutar hanji mai hana jiki tsotse abinci, da gwajin kansar ɓargo da ake kira mayeloma. Ba don a tsorata ki ake yin su ba. Wani lokaci zaizayar alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, kuma in ba a kama ta ba maganin ƙashi ba zai yi abin da ake so ba. Akwai kuma dalili na kusa: ba a ba da magungunan ƙashi irin su alendronet ko zoledronet in lambar gwajin aikin ƙoda ta sauka ƙasa da kimanin 35, kuma yi wa mai ƙarancin kalshiyam ko bitamin D allurar ƙashi na iya faɗar da kalshiyam ɗin jininta har ta kai ga sanƙarewar jijiyoyi. Duk wanda ya miƙo miki allura bai ga waɗannan sakamako ba, ki ce a dakata.

Ki ga likitan haƙori kafin a fara. In akwai haƙorin cirewa, a cire ya warke tukuna. Ruɓewar ƙashin muƙamuƙi da ake jin tsoron waɗannan magunguna su jawo ba kasafai take faruwa ba a awon da ake ba masu wannan cuta, kuma ba ta kai dalilin ƙin magani ba, sai dai kawar da matsalar haƙori tun farko ya fi sauƙi.

Kafin ki tashi daga kujera, ki tabbata kin ji amsar tambayoyi uku kuma kin rubuta su. Me ya jawo min wannan? Shekara nawa zan yi a kan wannan magani? Ranar da za a daina shi, me zai biyo baya?

Mataki na huɗu: zaɓen magani

Yawanci da dangin bisfosfonet, magungunan da ke rage saurin zaizayar ƙashi, ake farawa. Alendronet, wanda aka sani da Fosamax, miligiram 70 ne sau ɗaya a mako. Risedronet, wato Actonel, 35 a mako. Zoledronet, Aclasta, miligiram 5 ne ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, kuma shi nake ba da shawara ga mai ƙwannafi ko mai mantuwa. Bayan ƙarin ruwan farko ana iya yin zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku, farasitamol da shan ruwa kan wadatar. Alendronet ya daɗe a kasuwa, kamfanoni da yawa na yin sa, don haka shi ne mafi araha, kuma araharsa ba ta rage masa ƙarfi ba.

Ga wadda haɗarinta ya yi yawa akwai masu gina sabon ƙashi: terifaratayid, Forteo, allura kullum har zuwa shekara 2, da romosozumab, Evenity, sau ɗaya a wata na wata 12, wanda ba a ba wadda ta yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan baya. Dukansu in an gama sai an ɗora da wani magani, in ba haka ba abin da aka gina ya zube.

Sai denosumab, Prolia, miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata 6. Magani ne mai kyau, yana kuma yi wa masu raunin ƙoda. Amma ba a fara shi da "bari mu gwada". Ƙarfinsa yana ƙarewa da cikar wata shidan, kuma in aka tsallake ko aka daina kai tsaye ƙashi yana zubewa da sauri, har ƙasusuwan baya su karye da yawa a lokaci guda. Kada jinkiri ya wuce 'yan makonni. Ki lissafa aljihunki da inshorarki da nisan asibiti, ba na allura ɗaya ba, na shekaru. In kin san ba za ki iya riƙewa ba, ki faɗa wa likita gaskiya tun yau ya zaɓa miki wani. In kuma dole a daina, bisfosfonet ne ke maye gurbinsa, da tsarin ƙwararre.

Mataki na biyar: shan maganin da abin da ya rage

Alendronet da sassafe ake sha, ciki babu komai, da cikakken kofi na ruwa zalla. Ban da shayi, ban da madara. Ki zauna a miƙe ko ki tsaya na aƙalla minti 30, kada ki koma ki kwanta, kada ki ci komai. Kalshiyam ki bar shi sai da rana ko dare, domin in suka haɗu a ciki maganin ba zai shiga jiki ba. Abin da ake so na kalshiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 ne a rana, abinci da ƙwaya a haɗe, ba ƙwaya kaɗai ba.

Ba za ki ji wani sauyi a jikinki ba, kuma wannan ne ke sa da yawa su watsar kafin shekara. Rashin karyewa shi ne aikinsa. In ya dame ki da ƙwannafi ko wahalar haɗiya, ki koma a sauya, akwai wasu.

Ki nemi a tura ki wurin likitan fisiyo ya koya miki atisayen ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa, ya kuma nuna miki yadda ake ɗaukar abu daga ƙasa ba tare da lanƙwasa baya ba. A duba idanunki, a sake duba maganin barci da na hawan jini in suna sa ki jiri, a sa fitila a hanyar banɗaki. DXA na gaba bayan shekara biyu zuwa uku, a kan na'urar da aka yi na farko in zai yiwu, domin sakamakon na'urori daban-daban ba ya kwatantuwa sosai. Bayan shekara 5 a kan ƙwaya, ko 3 a kan ƙarin ruwa, likita zai duba ko za a ba ki hutu ko a ci gaba. Ciwo mai nacewa a cinya ko matsematsi alhali kin daɗe a kan magani, ko ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ba a jiran ranar ganawa da su, ki je a yi hoto a makon.