Yadda za a bi diddigin kuɗin kai intanet karkara

Ƙasashe da dama suna da asusun da kamfanonin sadarwa ke zuba kaso daga kuɗin shigarsu, sannan a raba musu tallafi domin su kai intanet ƙauyukan da ba sa ganin riba a cikinsu. A Amurka hukumar kula da sadarwa ta FCC ce ke kula da wannan tsari, a Najeriya kuwa Dokar Sadarwa ta 2003 ce ta kafa irin wannan asusu mai suna USPF a ƙarƙashin hukumar kula da sadarwa ta NCC.

Duk wanda yake zargin an karɓi kuɗi ba a yi aiki ba, ya fara da neman takardar yarjejeniyar tallafin, domin a cikinta ne aka rubuta yawan gidajen da za a haɗa, da saurin intanet ɗin da aka yi alkawari, da ranar kammala aiki. Idan hukuma ta yi nawa wajen bayar da ita, ƙasashe da yawa suna da dokar 'yancin samun bayanai. Ta Najeriya ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Daga nan sai taswirar da kamfani ya miƙa mai nuna wuraren da ya ce intanet ɗinsa ya kai, kuma a nan ne aka fi yin rufa-rufa. Kafin sabuwar taswirar FCC ta Nuwamban 2022, idan kamfani ya ce zai iya haɗa gida ɗaya tak a wani yanki na ƙidayar jama'a, sai a lissafa yankin gaba ɗaya a matsayin wanda ya samu intanet. Saboda haka a ɗauki taswirar a bi gida-gida, a rubuta inda sabis yake da inda babu.

Ganin turken sadarwa a tsaye ba hujja ba ce, domin turken da batirinsa ya mutu ko injinsa ba shi da mai, ƙarfe ne kawai. A gwada sauri da waya safe da dare har tsawon makonni, a ajiye hoton sakamakon tare da rana da lokaci da wuri.

Sai a kai ƙorafi a rubuce ga hukumar da ta bayar da tallafin, a aika kwafi ga ofishin babban mai binciken kuɗi na gwamnati, a kuma nemi a aiwatar da sharaɗin mayar da kuɗi idan yarjejeniyar ta ƙunshe shi.