Yadda ake gane na'urorin da ke shan data ta hosfot ɗin wayarka

Datar da ta saba kai mutum ƙarshen wata sai ta ƙare cikin kwana huɗu, alhali bai yi wani kallon bidiyo na a zo a gani ba. Kafin a ɗora wa kamfanin layi laifi, a fara duba hosfot, wato Wi-Fi ɗin da wayarka ke buɗewa don raba datarta ga wasu na'urori. Duk wanda ka taɓa ba kalmar sirri, ko sau ɗaya ne, wayarsa ta adana ta. Ranar da ka sake kunna hosfot yana kusa, wayar za ta haɗu da kanta, babu wanda ya taɓa komai tsakaninku. Sau da yawa shi kansa mai wayar bai san yana kan datarka ba.

Aikin hawa biyu ne. Sanin na'ura nawa ke kai abu ne na daƙiƙa biyar. Sanin ko wace ce, kuma ta waye, shi ne ke buƙatar natsuwa, domin sunan da waya ke nunawa ba hujja ba ne.

Fara da ƙirge

Kunna hosfot, ka ja allon wayar daga sama zuwa ƙasa. A yawancin wayoyin Android, akwatin hosfot ko saƙon da ke ƙasansa zai nuna adadin na'urorin da suka haɗu. A iPhone, buɗe Control Center, ka danna ka riƙe akwatin da ke ɗauke da alamar Wi-Fi da ta jirgin sama, za ka ga adadin a ƙarƙashin Personal Hotspot. Sai ka ƙirga naka: kwamfuta, tsohuwar wayar da ke kan caji a ɗaki, wayar uwargida, talabijin mai hawa intanet. Talabijin ɗin ne aka fi mantawa da shi. Idan ƙirgenka ya ba da biyu, waya ta ce uku, akwai baƙo.

Inda jerin yake

Idan ba ka son yawo cikin saiti, rubuta Hotspot a wurin bincike da ke saman Settings, zai kai ka kai tsaye. Ga hanyoyin dai, kuma sunayen kan ɗan sauya daga samfuri zuwa samfuri.

A Samsung: Settings, sai Connections, sai Mobile Hotspot and Tethering, sannan ka taɓa rubutun Mobile Hotspot ɗin kansa, kar ka taɓa makunnin da ke gefensa. Jerin yana ƙarƙashin Connected devices. Taɓa kowace na'ura ka ga lambar IP, wato adireshinta a kan hosfot ɗin, da lambar MAC ɗinta, wadda bayaninta na tafe. Sababbin samfura na nuna har yawan datar da kowace ta sha, wanda shi ne bayani mafi amfani a duk shafin.

A Tecno da Infinix da itel: shiga shafin hosfot a Settings ka nemi Connected devices. Galibi a nan kusa za ka ga jerin waɗanda aka toshe da wurin ƙayyade adadin masu haɗuwa. A Redmi da sauran wayoyin Xiaomi, sunan shafin Portable hotspot, kuma Connected devices na ciki.

Wayoyin da ke amfani da Android zalla, irin su Pixel, sau da yawa adadi kawai suke bayarwa, babu suna. Masu irin waɗannan su duba dabarar na'ura ta biyu da ke ƙasa.

iPhone ma ba ta da jerin waɗanda ke kai a yanzu, amma tana da wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Shiga Settings, sai Cellular, wanda a wasu wayoyin aka rubuta Mobile Data ko Mobile Service. Gangara zuwa inda aka jera datar da manhajoji suka ci, ka taɓa Personal Hotspot. Za ka ga na'urorin da suka taɓa haɗuwa da abin da kowace ta sha, wasu da suna, wasu da lamba kawai. Lissafin tarawa yake yi tun ranar da aka share shi na ƙarshe, don haka idan kana son ganin na yau, gangara ƙasan shafin Cellular ka taɓa Reset Statistics, ka dawo bayan awa ɗaya ko biyu.

Abin da sunan ke faɗa, da abin da ba ya faɗa

Sunan da ka gani a jerin, na'urar ce da kanta ta gabatar da shi. Kwamfutar Windows kan zo da DESKTOP ko LAPTOP haɗe da wasu haruffa da lambobi. Samsung kan zo da Galaxy da lambar samfuri, ko wata lamba mai farawa da SM. Tsofaffin wayoyin Android kan zo da kalmar android da dogon jerin haruffa a bayanta. iPhone kuwa sau da yawa ba ta ba da suna kwata-kwata, sai ka ga an rubuta Unknown ko lamba tsura.

Matsala biyu ke nan. Ta farko, a gida ɗaya ana iya samun Tecno Spark uku, duk sunansu ɗaya a jerin. Ta biyu, kowa na iya sauya sunan wayarsa cikin minti ɗaya a shafin About phone, har ya sa mata sunan taka. Saboda haka kar ka tuhumi kowa a kan suna kaɗai, kuma kar ka ɗauka cewa duk Unknown ɓarawo ne. Wataƙila iPhone ɗinka ce.

Lambar MAC ita ce shaidar

Kowace na'ura mai hawa Wi-Fi tana gabatar da lamba mai alamomi 12, an kasa su bibbiyu gida shida, kamar haka: 3C:5A:B4:10:7E:22. Alamomin daga 0 zuwa 9 ne, da A zuwa F. Ita za ka kwatanta. Rubuta lambobin da ke jerin hosfot a takarda, gida biyu na ƙarshe ma sun isa, sannan ka ɗauki na'urorinka ɗaya bayan ɗaya.

A wayar Android da ke haɗe, shiga Wi-Fi, taɓa sunan hosfot ɗinka ko alamar saiti da ke gefensa, ka buɗe ƙarin bayani, za ka ga MAC address. A iPhone, shiga Wi-Fi, taɓa ƙaramin harafin i da ke gaban sunan, ka duba Wi-Fi Address. A kwamfutar Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /all, ka nemi Physical Address a ƙarƙashin sashen Wi-Fi. Ka kula, kwamfuta na nuna lambobi da dama, na kebul da na Bluetooth da sauransu. Na Wi-Fi kake so.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Sai mutum ya shiga About phone ya kwafo lambar MAC daga can, ya ga ba ta yi daidai da ko ɗaya a jerin ba, ya yanke cewa wayarsa ba ta ciki. Dalili shi ne tun daga Android 10 da iOS 14, wayoyi ba sa nuna lambarsu ta asali ga Wi-Fi. Suna ƙirƙirar wata ta daban ga kowane Wi-Fi da suka hau, don kada a riƙa bin sawun mai waya daga wuri zuwa wuri. Lambar da ke About phone ita ce ta asali, wadda hosfot ke gani kuwa ƙirƙirarriya ce. Shi ya sa dole a duba ta cikin bayanin hosfot ɗin kansa, lokacin da wayar ke haɗe.

Ana iya gane ƙirƙirarriyar lamba da ido. Dubi alama ta biyu daga farko: idan 2 ce, ko 6, ko A, ko E, kamar DA:… ko 76:…, to na'urar ce ta ƙirƙira ta. Wannan yana da amfani saboda gida uku na farkon lamba ta asali suna nuna kamfanin da ya ƙera na'urar, hukumar IEEE ce ke raba su, kuma akwai shafukan intanet da za ka zuba lambar su faɗa maka kamfanin. Idan lambar ƙirƙirarriya ce, kar ka ɓata lokaci a can, babu abin da za su samo. Kwamfutoci da talabijin su ne suka fi zuwa da lambar asali, kuma wani lokaci sunan da zai fito na kamfanin da ya ƙera ɓangaren Wi-Fi ɗin ne, irin su Intel ko Realtek, ba na mai kwamfutar ba.

Wanda bai son harkar lambobi yana da hanya mai sauƙi. Kashe Wi-Fi a na'urarka ɗaya, ka duba wace ta ɓace daga jerin, ka rubuta, ka wuce ta gaba. Wadda ta rage bayan duk naka sun sauka, ita ce baƙuwar. A ba jerin kamar minti ɗaya tsakani, ko a fita daga shafin a sake shiga, domin wasu wayoyin na jinkirin cire wadda ta sauka.

Idan wayar ba ta ba da jeri

Haɗa wata na'ura taka da hosfot ɗin, ka sa mata manhajar binciken Wi-Fi irin Fing, ka bincika daga can. Kar ka sa manhajar a wayar da ke ba da hosfot: tun daga Android 10 an hana manhajoji karanta teburin da waya ke ajiye waɗannan lambobi, shi ya sa yawancin manhajojin da ke alƙawarin nuna masu shan hosfot ba sa nuna komai sai talla.

A sakamakon binciken, na'ura biyu ba baƙi ba ne: wadda kake binciken da ita, da wayar da ke ba da hosfot. Idan mai ba da hosfot iPhone ce, lambar IP ɗinta 172.20.10.1, sauran kuma su biyo daga 172.20.10.2. Tsofaffin Android na amfani da 192.168.43.1, sababbi kuwa kan sauya lambar, sai ka duba wadda aka rubuta wa Gateway ko Router. Wayar da allonta ke kashe tana iya ƙin amsawa, don haka a maimaita binciken sau biyu ko uku.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa fitowa a kowane jeri ba. Kwamfutar Windows da ke kan hosfot ɗinka tana iya buɗe nata hosfot ta raba wa na'urori har takwas, wasu wayoyin ma na iya raba Wi-Fi ɗin da suka hau ta Bluetooth ko ta wani Wi-Fi. Kai na'ura ɗaya za ka gani, kamar mita ɗaya da aka ja wa maƙwabta wuta daga bayanta. Alamar kawai ita ce datar da na'urar ke sha ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Yadda ake sauke baƙo

Idan wayarka na da wurin toshewa, taɓa na'urar ka zaɓi Block. Zai sauka nan take. Amma toshewa lambar MAC take bi, kuma wanda ya san kan waya zai shiga saitin Wi-Fi ya juya daga ƙirƙirarriyar lamba zuwa ta asali, ya dawo a matsayin sabuwar na'ura, tunda kalmar sirrin na hannunsa. Toshewa na da amfani idan kana tsakiyar aiki ba ka son katse kowa. Maganin gaske shi ne sauya kalmar sirri.

Shiga shafin saita hosfot, ka goge tsohuwar ka sa sabuwa. Mafi ƙaranci alamomi 8 ne, amma ka kai ta 12 ko fiye, haruffa haɗe da lambobi. Ban da lambar wayarka, ban da shekarar haihuwa, ban da 12345678, waɗannan su ake fara gwadawa. Tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3, kada ya kasance None ko Open. Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi haɗuwa da WPA3, koma WPA2. Da zarar ka adana, kowa zai sauka, har naka. A kan naka na'urorin sai ka zaɓi Forget a kan sunan hosfot ɗin, ka sake haɗawa, in ba haka ba za su yi ta gwada tsohuwar kalmar suna cewa an kasa haɗuwa.

Masu iPhone su ƙara duba abu ɗaya: na'urorin da ke kan asusun Apple ɗaya da naka, da 'yan gidan da ke cikin Family Sharing, suna iya hawa ba tare da kalmar sirri ba. A shafin Personal Hotspot, shiga Family Sharing ka mayar da kowa kan Ask for Approval.

Sannan ka ƙayyade adadin masu haɗuwa idan wayar ta ba da dama. Kwamfuta ɗaya kake haɗawa? Sa 1. Kunna zaɓin da ke kashe hosfot da kansa idan babu kowa a kai. Ɓoye sunan hosfot kuwa ba ya hana wanda ya riga ya san sunan da kalmar sirrin. Kuma ka sani, karɓar wayar mutum ka rubuta masa kalmar da hannunka ba ya ɓoye ta: a Android 10 zuwa sama, zai taɓa Share a saitin Wi-Fi, alamar QR ta fito, wani ya ɗauka da kyamara ya hau. Idan ka ba baƙo na ɗan lokaci, sauya ta bayan ya tafi.

Idan duk na'urorin naka ne amma data na zuba

To mai laifin yana cikin gida, kuma galibi kwamfuta ce. Windows na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin mara iyaka, sai ta kama sauke sabuntawa masu nauyin giga-giga ba tare da tambaya ba. Shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ka buɗe bayanin hosfot ɗinka ka kunna Metered connection. A iPhone da ke haɗe, taɓa harafin i ka kunna Low Data Mode. A wayoyin Android, duba Google Photos da ajiyar WhatsApp da sabunta manhajoji a Play Store, domin an saba saita su su jira Wi-Fi kafin su fara aiki.

Don tabbatar da wace ce, duba ragowar datarka, a layukan Najeriya *323# ne, ka bar na'ura ɗaya tak a kan hosfot na minti goma ba tare da ka buɗe komai a kanta ba, ka sake dubawa. Kashe datar manhajojin wayarka masu aiki a bayan fage kafin gwajin, don kada nasu cin ya shiga lissafin. Na'urar da ta ci MB ɗari ko fiye tana zaune, ita za ka bi ka gyara wa saiti.